Babi Uku da Suka Rage wa Mma

Ranar addu'ar bakwai ta uwarmu, yayana ya fizge waya daga hannuna, ya ɗaga ta sama, ya ce wa jama'a caca nake bugawa. Ba a ɗaki ya faɗa ba. A ƙarƙashin rumfar da aka kafa a lungunmu na unguwar Maamobi ya faɗa, ga malamai a jere, ga abokan aikina na tasha, ga surukaina, mata kuma suna leƙowa daga cikin gida da kwanukan masa a hannu. Ni da na yi shekara huɗu ina ɗaga tsohuwar nan ina kwantarwa. Shi kuwa kwanansa biyu da sauka daga Jamus, ko ƙasar kabarinta ba ta taɓa hannunsa ba.

Ba caca nake yi ba, littafi nake karantawa. Na san in na tsaya a nan, ku ma cewa za ku yi, littafi a zaman makoki? To bari in koma baya.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Mma, shi na fari, ni auta. Kakanninmu fataken goro ne daga Kano, suka zo Accra suka zauna a zango, unguwar Hausawa, aka haife mu a nan. Tare aka sa mu makaranta, kuma ba yabon kai ba, na fi shi son karatu. Ni ne yaron da ba ya wuce allon shago bai karanta ba. Da na kai aji shida ƙarfin Baba ya gaza ɗaukar biyu, aka ce babba ya ci gaba. Ba a tambaye ni ba. Aka kai ni wurin wani direba na zama yaron mota, daga nan har na samu nawa sitiyarin. Yau ƙaramar motar kaya nake ja a tashar kasuwar Agbogbloshie, doya da albasa, in kai Kasuwar Malam Atta ko duk inda mai kaya ya ce. Yaya ya gama makarantarsa, ya haye Turai. Yana aiko da abin da ya samu, ban taɓa cewa ba ya aikowa ba. Zuwa ne dai ba ya yi, wai takardunsa ba su daidaita ba, shekara ta bi shekara.

Aikinmu rabinsa jira ne. Ka yi layi tun safe, wani lokacin sai azahar kafin a kira motarka. Wasu su yi barci a ƙarƙashin mota, wasu gardamar ƙwallo, mafi yawa kuma su duƙufa kan waya suna lissafin caca.

Wata rana wata tsohuwar malamar makaranta, 'yar ƙabilar Ga, ta ɗauke ni in kwashe mata kaya za ta tashi daga gida. Rabin kayan kwalaye ne masu nauyin tsiya. Ɗaya ya fashe a hannuna, littattafai suka zube. Ina tattarawa sai na tsinci kaina na buɗe wani ina bi da yatsa, bakina yana motsi. Da na ɗaga kai tana kallona.

Ta ce, "Direba, kana son karatu?"

Na ce, "Madam, na so. An daɗe."

Ta ce yawancin waɗannan tsofaffin suna cikin waya, kyauta. Na yi dariya. Na ce mata a Accra ko ruwan alwala sai ka saya. Ta ce waɗanda suka rubuta su sun mutu tun kafin a haifi kakana, yanzu ba mai su, kowa ya ga dama ya ɗiba. Ta karɓi wayata mai tsagaggen gilashi, ta yi 'yan danne-danne muna tsaye a rana, ta nuna min yadda ake ƙara girman rubutu, da yadda in ka danna kalma ma'anarta take fitowa. Ban sake ganinta ba. Allah ya saka mata.

Da farko wahala na sha. Turancin mutanen da ne, jimla ɗaya sai ta yi tsawon layin mota. In danna kalma, ma'anar ta fito ta fi kalmar wuya. Amma na nace, tunda ba inda za ni. Sai ga ni a cikin mota, warin albasa ya cika hancina, ina yawo a garuruwan da ƙanƙara ke zuba.

'Yan tasha suka fara tsokana. "Alhaji direba, wace lamba za ta fito yau? Ka ba mu biyu mana!" Ina saurayi na taɓa buga loto na 'yan watanni, Mma ta kama ni da takardar a aljihu, daga ranar na bari. Zango kuwa ba ya mantuwa. Ga kuskurena: ban musa ba. Har cewa nake yi, "Ku jira, tana nan tafe." Mai caca a tasha ba abin kallo ba ne. Amma ƙato mai furfura, ɗan aji shida, yana motsa baki a kan littafin Turawa? Da sun sa min suna lauya har in mutu. Na zaɓi a ce min ɗan caca da a yi min dariya. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

A lokacin ciwon suga ya riga ya cinye idon Mma, ƙafafu ma sun ƙi. Kullum in na dawo bayan la'asar, ni da matata mukan fito da ita bakin ƙofa ta sha iska, in zauna a gefenta kan benci. Ba ta gani, amma kunnenta ya fi na kowa.

Ran nan ta ce, "Auta, me kake ta ƙus-ƙus a kai? Wuridi ne?"

Na ce, "Labari ne, Mma."

"Shi ne kake ci kai kaɗai, ga ni zaune kamar turmi?"

Haka muka fara. In karanta layi biyu a zuci, in juya mata da Hausa. Hausar tawa ta zango ce, a cakuɗe da yaren Twi da Turanci, ita kuwa ta iyayenta ta riƙe. Sai ta yi ta gyara min. "Ba haka ake faɗa ba. Kai da Baturen duk sai an koya muku magana." Inda Turancin ya fi ƙarfina in yi ƙari daga kaina, in wuce.

Ba kowane littafi take so ba. Akwai wanda muka fara, na masu manyan gidaje, kullum suna ziyara da shan shayi. Kwana uku ta ce in rufe. "Waɗannan ba su da sana'a ne? Nemo mana na mutane." Da na gaya mata ba a biyan ko sisi, masu rubutun duk sun mutu, sai ta ce, "Ashe su ma sun san haƙa rijiya a bar wa na baya." Na ce ba musulmi ba ne fa. Ta ce, "Na tambaye ka? Wanda ya halicce su ya san abin da zai yi da su."

Sai muka faɗa kan wani na wata bazawara mai yin kyandir tana sayarwa, a wani gari na bakin teku a ƙasar sanyi. Babban ɗanta ya shiga jirgin ruwa neman arziki, shekaru suka wuce, wasiƙa sai jefi-jefi. Tun babin farko na ji zaman Mma ya canza.

A nan sai na faɗi wani abu game da ita. Mma mutuniyar da ce, tana kunyar ɗan fari yadda aka yi a gidansu. Tunda nake ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "na can ɗin." Ba ta yabonsa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. In ya kira waya na kanga mata a kunne, sai ta ce, "Lafiya? To madalla. Allah ya yi albarka," ta ture hannuna. Matan zango na yanzu sun bar wannan, har rawa suke yi da 'ya'yansu na fari a biki. Yaya kuma ya daɗe cikin Turawa, inda uwa ke rungume ƙato a filin jirgi. Ya sha ce min, "Tsohuwar nan ba ta damu da ni ba, kai ne nata." Ni kuma, Allah ya yafe min, daɗin maganar nake ji, ban taɓa gyara masa ba.

Amma ɗan mai kyandir ba ɗanta ba ne, babu kunya a tsakaninsu. Kafin in gama zama kan benci za ta ce, "Ya dawo?"

"Ba mu kai wurin ba, Mma."

"Yana da rigar sanyi kuwa? Duba da kyau."

In duba, in ce ba a faɗa ba.

"Me suke ba shi a jirgin? Wa ke masa wanki? Ita ma uwar ta yi sake, ko ɗan yaji ba ta ƙulla masa ba."

A satin nan ne, da aka ce wani ɗan unguwar Nima zai koma Jamus, ta sa matata ta daka yaji, ta haɗa da kuka da daddawa, ta ce a kai wa mai tafiyar. Matata ta ce, "A ce na wa, Mma?" Ta ce, "Shi ya sani."

Akwai ranar da na yi mata ƙarya. Babin ya ce guguwa ta farfasa jirgin, an ga katakai a bakin teku, ba a ga mutane ba. Na kalle ta, ga ta ƙarama cikin mayafi, hannunta a kan carbi. Sai na ce wai jirgin ya tsaya a wani tsibiri ana gyara.

Ta ce, "Auta."

"Na'am."

"Muryar da ka yi min ranar takardar loto ke nan. Karanta abin da mutumin ya rubuta."

Na karanta. Ba ta yi kuka ba. Ta ja carbinta har aka kira magariba, sannan ta ce, "Ba a ga gawa ba ai. In ba a ga gawa ba, uwa ba ta zaman makoki." Bayan babi biyu sai ga wasiƙa, yaron yana raye. Ta buga cinyata da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Ban gaya maka ba?" Ranar ta cinye tuwonta tas.

Ba zan ɓoye ba, abin yana min ciwo. Ni ne a gabanta, ni ke wanke mata ƙafa, ni ke goya ta zuwa bakin titi in za mu asibiti, tunda mota ba ta shiga lungunmu. Amma kullum "ya dawo?" Wata rana ana cikin karatu sai ta tsayar da ni.

"Wai wa ke kawo wa matar nan itace? Kullum wutarta a kunne."

Na koma baya na duba. Na ce, "Ƙaramin ɗanta ne. Sau biyu aka ambace shi."

"Sau biyu? Duk tsawon littafin nan?" Ta yi tsaki. "Mai littafin nan bai taɓa kwanciya ciwo ba. Da ya san wanda ake rubutawa."

Ta miƙo hannu tana lalube, ta sami kaina, ta cire min hula, ta shafa furfurar kamar tana duba ko na yi wanka. Sannan ta mayar da hular a karkace ta ce in ci gaba. Ban iya ba sai da na yi tari na ƙarya. Abin da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Ta sa na yi mata alkawari ba zan riga ta ba. "In ka karanta a tasha zan ji a muryarka." Na riƙe alkawarin, ko da yake wani lokacin yatsana har ƙaiƙayi yake. Muna saura babi uku jikinta ya tashi. Kwana biyu ba ta iya fitowa bakin ƙofa ba. Na ce in karanta mata a ɗaki, ta ce a'a, a bari sai ta warware, ba ta so ta ji dawowarsa a kwance. Ranar Alhamis da hantsi ta cika. Kafin la'asar mun kai ta.

Kwana shida ban buɗe littafin ba. Ran bakwai aka yi saukar Alƙur'ani, malamai suka yi addu'a, aka shafa, aka fara rabon abinci. Yaya yana can gaba cikin farar shadda, borga, kamar yadda muke kiran waɗanda suka dawo daga Turai, kowa yana zuwa yana masa gaisuwa. Ni na koma ƙarshen rumfa, daidai bakin ƙofar da take zama. Rana ta karkata, inuwar katanga ta kawo inda takan kawo. Lokacinmu ne. Wallahi ban yi shawara da kaina ba, hannuna ne ya shiga aljihu. Na san mamaci addu'a yake buƙata, ba labarin Turawa ba. Na yi mata, ina kan yi. Amma babi uku ne suka rage mata, kuma na yi alkawari ba zan karanta ni kaɗai ba. Sai na fara, a hankali, ina juyawa da Hausa yadda muka saba.

Ban ji zuwansa ba. Wayar kawai na ji ta bar hannuna.

"Ku gani! Jama'a ku gani! Dama an gaya min. Tun ina can ake gaya min ba ya da aiki sai caca a waya, ban yarda ba. Yau ko kwana bakwai ba ta cika ba!"

Ko kallon gilashin bai yi ba. Da ya kalla da ya ga rubutu ne zalla. Kawunmu, ƙanin Mma, ya taso da sandarsa ya karɓi wayar ya jefa a aljihun babbar riga, ya ce, "Ya isa. Ba a nan ba." Wani daga cikin 'yan tasharmu ya sunkuyar da kai, don ya san daga bakinsu maganar ta tashi.

Ban ce uffan ba. Mutane sun ɗauka rashin gaskiya ne. Amma in na buɗe baki me zan ce? In tsaya a gaban malamai da surukai in tona abin da matar nan ta rufe shekara hamsin? Ita da ko sunansa ba ta yarda ta faɗa ba?

Kwanakin da suka biyo, na ga yadda gaisuwa take gajarcewa. A masallaci wanda muke haɗa kafaɗa ya koma wani sahu. Mai kokon bakin lungu, wadda ta san ni tun ina yaro, ta zuba min ba ta ɗago kai ba. Matata ta dawo daga gidansu ido a kumbure. Ta ce, "Kai ka san gaskiya, ni na sani, don me ba za ka faɗa ba? Haka za a riƙa nuna 'ya'yanka?" Duk jinyar shekara huɗu ta tafi, abin da ya rage a zango shi ne mutumin da ya buga caca a addu'ar uwarsa.

Rana ta uku Kawu ya kira ni ya miƙo min wayar, ya ce Allah ya shirye ni. Na ce amin. Na kai ta caji, na shiga mota a tasha, na ɗaga gilasai duk da zafi, na ƙarasa wa Mma babi ukun nan da ƙarfi, da Hausa. Yaron ya dawo. Ya tarar da uwar a raye, tana tsaye a kan tukunyar kyandir. Ba ta rungume shi ba. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce rigarsa ta yage a kafaɗa, ya cire ta ɗinke masa. Na kifa kai a kan sitiyari. Sai da wata mai doya ta yi ta bugun ƙofa tana tambaya da Twi ko lafiya.

Ana gobe Yaya zai koma, na dawo bayan la'asar na same shi a ɗakin Mma shi kaɗai. Yana zaune a bakin gadonta, mayafinta a kan cinyarsa. Ba shadda, singileti ce a jikinsa, sai na ga ashe shi ma ya tsufa. Bai ɗago ba ya ce, "In haƙuri ka zo ba ni, ba ni za ka ba ba."

Na ce ba haƙuri na kawo ba. Na buɗe littafin na ajiye masa wayar a kan mayafin. Ya kalla, ya ja shafi ɗaya, ya ja biyu. Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Cacar ke nan, Yaya. Kai ka yi makaranta, karanta. Labarin wata mata ne da ɗanta na fari ya tafi ya daɗe. Wata biyar ina karanta wa Mma a bakin ƙofar nan, kuma ba ranar da ba ta tambaye ni ko ya dawo ba. Ko yana da rigar sanyi. Ko wa ke masa wanki. Kana tsammani ɗan Bature take tambaya? Yajin da aka kawo maka, ka ɗauka daga sama ya faɗo? Ka ce ba ta damu da kai ba, ni kuma na bar ka a haka don ina jin haushinka, wannan laifina ne, na ɗauka. Sunanka ne kawai ba ta iya faɗa. Babi uku suka rage mata, su nake ƙarasa mata ka fizge. Ka zubar min da mutunci a gaban zango, kuma gobe kafin ka hau jirgi za ka tsaya a masallaci bayan asuba ka mayar min da abina, da bakin da ka ɗauke shi. Ba sai ka ambace ta ba, ka ce littafi ne, ya isa. Amma yanzu matsa min in zauna. Ta so ta ji ya dawo, ba ta samu ba. Kai za ka ji, daga farko, kuma da Hausa, yadda ta ji shi."